Shekarar da Na Rataye Muryata a Kan Ɗorawa

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan babi ni ne. Ba Malam Iro ba ne, ba Nomau ba ne, ba kuma awakin unguwarmu ba ne, don su awaki abin da aka ce su yi shi suka yi. Abin da ya sa na zauna rubuta shi kuwa, muryar nan ce ta Innarku da kuke ta tura wa juna a waya tun bayan rasuwarta, Allah Ya jiƙanta, wadda take buga kwano tana kiran Kyalla. Na ji 'yar'uwarku Rabi tana gaya wa 'ya'yanta wai Baba ne ya laɓe ya ɗauki muryar saboda tsananin ƙauna. Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai, har na so in bar ta a haka. To amma wanda ya kai shekaruna bai kamata ya tafi da yabon da ba nasa ba. Ku gyara zama.

Shekarar da kamfanin gurzar auduga ya sallame mu, na naɗe tabarmata, na ɗauki butata, na baro Funtua na dawo ƙauye. Kun taso kuna jin ana ce mini Injiniya, na kuma san akwai wanda ya yi faɗa a makaranta a kan haka. Gaskiyar magana, aikina zuba wa inji mai ne da share ƙurar auduga. Sau ɗaya mai gyaran lantarki ya ce in riƙe masa tsani, na riƙe, na kuma ji da kunnena ya ce wannan waya mai rai ce, waccan matacciya. Tun daga ranar abokan aiki suka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa ban ga dalilin da zai sa in yi musu da jama'a ba. Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, lokacin da na lura malamin ya ƙi daina maimaita abin da ban gane ba tun bara.

Da na dawo sai na tarar ƙauye bai zauna jirana ba. Gandu yana hannun ƙannena da 'ya'yansu, sun saba yi ba tare da ni ba. In na je gona sai a shimfiɗa mini buhu a inuwa a ce, "Yaya, ka huta." In na dawo gida Innarku ta ce in ɗaga ƙafa za ta yi shara. Ciwon gwiwa bai tsufar da ni ba kamar yadda wannan ya yi: gari ya waye, rana ta faɗi, ba wanda ya tambaye ni komai. Ina cikin wannan hali ne ƙafata ta kai ni zauren Malam Iro.

Malam Iro ya daɗe yana gyaran rediyo a kasuwar Malumfashi, har zamani ya kawo rediyon da in ta mutu sayen sabuwa ya fi gyaranta sauƙi. Ya kwaso gawarwakin da masu su ba su koma karɓa ba, buhu-buhu, ya jibge a zaurensa. Tsofaffi irina muka fara zuwa gaishe shi, daga gaisuwa aka shiga taɓe-taɓe. Ba mu da ƙarfen narka dalma mai amfani da lantarki, to ina ma wutar take? Babbar ƙusa muka yi wa ƙota, a cusa ta cikin garwashi ta yi zafi, a dangwala ta a kan dalma a liƙe waya. Mai hura garwashin shi ne Nomau, Bamaguje daga gidajen da ke tsallaken rafi, abokina tun muna kiwon tumaki ba wando. Mu tashi salla, shi ya ci gaba da fifita wuta. In mun dawo mu tarar ƙusa ta yi jawur, ya ce, "To, kun ga amfanin Bamaguje a zauren malamai."

Abin da muka fara ƙerawa fitila ce. A ciro ƙananan ƙwayayen tocila 'yar China da ta mutu, a huda tsohon faifan sidi a jera su a jiki don hasken ya bazu, a sassaƙa ɗan akwatin katako a zuba batir, a haɗa waya. Ranar da tawa ta farko ta kama, a kunne na ɗauko ta tun daga zauren har gida, da rana tsaka, ina amsa gaisuwar mutane da ka kawai saboda hannuwana suna ɗauke da abu mai muhimmanci. Na tarar da Innarku tana tankaɗe. Kun san ni da ita taubasai ne, 'yar kawuna ce, kuma aure bai kashe wasan da ke tsakaninmu ba. Ta dubi fitilar, ta dubi sama.

"Malam, ranar ce ba ta ishe ka ba?"

"Ke 'yar kawu, wannan ilimi ne."

"To ajiye ilimin can gefe, kada kaji su taka."

Amma da magariba ta yi, da ita ta tuƙa tuwo, ba ta kuma mayar mini da ita ba har yau.

Ku da kuka saba danna abu a bango haske ya zo, da wuya ku gane abin da zauren nan ya yi mana. In an yi rasuwa, fitilunmu ake arowa a kai gidan makoki. Mai shayi namu yake kunnawa, haka matar da ke suyar ƙosai a bakin masallaci. Muka haɗu muka sayi ɗan farantin sola muka ɗora a kan rufi, sai ga samari suna kawo cajin waya, waɗanda da ko gaisuwarsu a tsaye take. Mutum ya durƙusa ya miƙo tocila ya ce, "Baba, duba mini." Wallahi wannan "duba mini" ta fi mini nama daɗi. Ba zan ɓoye muku ba, rabin abin da aka kawo mana da sauran numfashi mu muka ƙarasa shi, amma ba wanda ya taɓa kai mu ƙara wurin mai unguwa. Mun taɓa haɗa fanka da injin tsohuwar rediyo mai kaset. Iskarta ba ta isa ta ɗaga ƙuda ba, amma bi da bi muka riƙa zama a gabanta, kowa ya tashi ya ce lalle ya ji sanyi. Har yanzu in na ji ƙaurin dalma sai in ga zauren nan: hayaƙi yana bin rufi, goro yana yawo hannu zuwa hannu, Malam Iro da tabarau mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da zare, wata rediyo a gefe tana ƙoƙarin kamo labarai tana shaƙewa. Yawancin waɗanda muka zauna da su yau suna ƙasa. Allah Ya yi musu rahama.

To, Innarku tana da gayauna, wato ɗan fili nata na kanta, a bakin fadama bayan gari, wanda kawu ya bar mata. Ba shi da wani girma, mai ƙarfi zai jefa dutse ya tsallake shi. Kowane rani alkama take sawa, Nomau da lambunsa ke jikin nata ya jawo mata ruwa da injinsa. Alkakin salla da kuka taso kuna wawaso, da taliyar da take ƙulla muku a leda in za ku koma birni, duk daga nan suke. Ko tiya ɗaya ba ta taɓa sayarwa ba. Wahalar alkama kuwa ba shuka ba ce, ba ban ruwa ba ne. Tsuntsu ne. Da zarar ƙwaya ta fara cika sai jan baki su sauko kamar hadari. A zamaninmu yara ke wannan tsaro, amma yanzu da safe suna boko, da yamma suna Islamiyya. Saboda haka ita ke zama a 'yar rumfar kara da ke gefen filin, an ja igiyoyi daga rumfar zuwa kowace kusurwa an rataya gwangwanaye, tana fizga tana ihu, tun hantsi har tsuntsaye su tafi kwana.

A shekarar da nake ba ku labari, tsaro bai yi nisa ba jiri ya kwashe ta a rumfar. Nomau ne ya ji gwangwanaye sun yi shiru ya leƙo. Muka kai ta asibiti Malumfashi, aka ce hawan jini ne, aka ce ita da zaman rana sun yi sallama. Washegari sai ga babban yayanku Lawal daga Kaduna. Kun dai san Innarku da Lawal. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma zama su haɗa ido su yi doguwar magana. Don haka aka yi shari'ar yadda aka saba: shi a tsakar gida, ita a cikin ɗaki, ni a tsakani kamar wayar da ke haɗa batir da ƙwan fitila.

Lawal ya ce, "Baba, filin nan a ba ɗan Nomau ya riƙa nomawa, abin da aka samu ya kawo mata nata. Ba sai ta je ba."

Daga ɗaki aka ce, "Malam, gaya wa yaron nan alkamar da wani ya tsare ba ta yin alkaki."

"Baba, gaya mata ni uwa nake so, ba alkaki ba."

"Malam, gaya masa filin ubana ne. Ban ce ya zo ya taya ni ba."

"Baba, gaya mata in ta sake faɗuwa, kuma Nomau ba ya kusa fa?"

Na san kunya ba za ta bari ta fito ta roƙi ɗan fari ba. Sai na ji wani abu ya taso mini tun daga ciki, abin da a lokacin na ɗauka basira ce. Na gyara hula, na yi gyaran murya.

"Ku saurara dukanku. Bana za a girbe alkama, kuma ba za ta zauna a rana ba. Ku bar ni da tsuntsaye."

Lawal ya dube ni irin kallon da yaro mai ladabi ke yi wa uba in ya ji abin da bai gamsu da shi ba. Ya ce, "Shi ke nan. In aka girbe ba tare da ta zauna ba, ta ci gaba da abinta. In ba haka ba, Baba, kai ne shaida, an gama."

Na ce, "An gama."

Na isa zaure da saurina na zayyana musu dabara. Malam Iro yana da wata tsohuwar lasifika irin mai baki kamar ƙaho, da ya samo wurin wani mai tallan magani da motarsa ta mutu. Za a haɗa ta da 'yar rediyo mai cin katin memori, da batirin babur, da ƙaramin farantin sola. A zuba ihun mutum a katin, a rataye a kan ɗorawar da ke tsakanin filinta da lambun Nomau, ta yi ta maimaitawa da kanta. Tsofaffi suka yi kabbara. Nomau ya ce shi dai bai taɓa ganin tsuntsun da ya ji tsoron rediyo ba, aka ce ya yi shiru ya hura wuta.

Na gaya wa Innarku aikin kwana biyu ne. Sai ya zama makonni. Haɗin farko hayaƙi ya yi, muka fito waje da gudu muna tari, tsofaffi riƙe da rigunansu. Na biyu ya yi magana amma kamar ta wanda aka shaƙe. Muka kwashe yini guda muna gardama a kan wace waya ce mai rai, ni ina kafa hujja da tsanin da na taɓa riƙewa a Funtua. Ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na waɗannan makonni ba. Kowa ya zo zaure ni yake tambaya, "Injiniya, ina aka kwana?" Tsuntsaye kuwa ba su san ana yi musu shiri ba, suka ci gaba da zuwa. Kullum da hantsi sai in ga Innarku ta ɗauki lema da buta da ƙwayoyin maganinta ta nufi fadama. In ce mata, "Saura ƙiris." Ta ce, "Allah Ya taimaki Injiniya." In Lawal ya bugo waya in ce masa tana hutawa, don a ganina zama a rumfa ai ba tsayuwa ba ce.

Da inji ya tashi, sai aka zo kan murya. Kowa ya yarda tawa ta fi dacewa, Nomau ya ce tun muna yara in na yi kuka tumaki ke watsewa. Wata rana bayan azahar na tsaya a tsakar gida na danna wurin ɗaukar magana a wayata, na buɗe maƙogwaro: "Haa! Haa! Kai! Tashi! Tashi nan, ɗan banza!" Ina yi ina dukan gwangwani, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya. Da na gaji na danna abin da na zaci shi ne na tsayarwa. Madannan wayar ƙanana ne, idona kuwa kun san shi. Na ɗora ta a kan katanga, na shiga ɗaki na ɗan kishingiɗa. Ashe tana nan tana ta ɗauka.

Sai in tuna muku abin da birni ya mantar da ku. Da damina a ɗaure awaki suke saboda shuka, amma da an kawar da amfanin gona sai a sake su, su yi ta yawonsu duk rani. Masu noman fadama kowa ya kare nasa da dangar kara. Innarku kuwa in la'asar ta gabato takan baro rumfa na ɗan lokaci, ta zo ta zuba wa awakinta ƙasari, ruwan wankin hatsi, ta barbaɗa dusa, ta buga kwano da muciya ta kira su. Kuma ba ta taɓa korar akuyar maƙwabta daga kwanon ba, tana cewa baki ai baki ne. Saboda haka babu akuya ko tunkiya a unguwarmu da ba ta san wannan kira ba. A ranar ma haka ta yi, a gindin katangar da wayata take.

Malam Iro ya juye abin cikin kati, muka gwada a zaure. Ihuna ya fito har ƙasa ta zubo daga rufi, aka yi ta dariya ana tafawa. Daga nan sai shiru. Muka jira kaɗan, shiru. Malam Iro ya ce bari ya duba ƙarshensa. Na riƙe masa hannu.

"Malam Iro, ai wannan shirun shi ne ilimin. In ana ihu ba hutawa tsuntsu sabawa yake yi. Da gangan na bar shi."

Ba da gangan na bar shi ba. A lokacin na ƙirƙiro maganar, ta kuma yi mini kyau har ni kaina na yarda da ita. Aka kashe don kada batir ya sauka.

Ranar Juma'a muka kafa. Ta dace da sunan 'yar Rabi a Kafur, wanda da Innarku ta riga ta haƙura da zuwa saboda tsaro. Aka aro tsani, wani saurayi ya hau ɗorawa ya ɗaure lasifika can sama, akwatin rediyo da batir a ƙarƙashinta. Saboda ɓarayi na sa wa akwatin kwaɗo, na jefa mabuɗi a aljihu, na sa aka mayar wa mai tsani tsaninsa. Aka kunna. Muryata ta tsaga fadama, jan baki suka tashi gaba ɗaya kamar an yaye baƙin mayafi. Na juya na dubi Innarku. Ta sha sabon zani, ta yi lalle, tana tsaye a kan kunya tana kallon tsuntsaye suna tafiya. Sai na ga haƙorin makkarta... a'a, kada in ƙara gishiri, ba ta da haƙorin makka. Murmushi dai ta yi, irin wanda ta daɗe ba ta yi mini ba. Na raka ta bakin titi na sa ta a keke mai ƙafa uku, ni da Malam Iro muka hau babur sai Malumfashi salla. Maza duk suka watse Juma'a. Fadama ta rage daga Nomau sai muryata.

Bayan an sauko ba mu dawo da wuri ba. Na tsaya a rumfunan masu kayan lantarki ina ba su labari, har wani ya ce ya kamata hukuma ta san da ni, na ce ba na son suna. Sai da rana ta karkata muka kamo hanya. Tun daga nesa na kasa kunne ban ji kaina ba. Na ce wa Malam Iro lokacin shirun ne.

Muka tarar da dangar kara a kwance ta fuska uku. Alkamar da muka bari tana kaɗawa ta koma kamar wurin da aka yi kokawa. Mata biyu suna jan wata tunkiya da ta ƙi fita. Lasifika tana reto a jikin reshe, wayarta a tsinke. Nomau yana zaune a gindin ɗorawa, rigarsa jiƙe da gumi, ga doguwar gora a gefensa an ɗaura mata lauje a ka.

"Injiniya, sannu da dawowa. An yi salla lafiya?"

"Wa ya taɓa mini inji?"

"Ni ne. Da ka bar mini tsani da na taɓa shi tun da wuri. Da ka bar mini mabuɗi ma da ban tsinka ba."

"Me ya faru?"

"Ina cikin ban ruwa, ka gama haukarka, wuri ya yi tsit. Can sai na ji kwano, kwam, kwam, kwam. Na ji matarka tana cewa, 'Kyalla! Ja! Ku taho, ku taho!' Na ce, af, ashe ba ta tafi ba. Na ce, 'Sannu da aiki, uwar gida.' Ba ta amsa ba. Na ɗaga kai, sai na ji daga kan ɗorawa take. To ni dai na gaji sanin iskoki masu zama a kan itace tun daga kakana, amma ban taɓa jin wanda ke kiwon awaki ba. Kafin in gama tunani sai ga ƙura daga gari."

"Ai da ka kore su!"

"Na kora! In fitar da biyar ta nan, goma su shigo ta can. Da na samu na rage su, sai kai ka fara ihu daga sama, suka tsaya suna kallo. Ka gama, aka jima, ta sake kiransu. Na farkon suka dawo, suka zo da 'yan uwansu. Har na gidanmu na gani, daga tsallaken rafi. Ni kaɗai da wannan ƙafa mai ciwo, matarka tana gayyata, kai kana zagi. Sai da na je gida na ɗauro lauje."

Malam Iro ya cire tabarau yana gogewa, kafaɗunsa suna rawa. Ni ban yi dariya ba. Can gefe jan baki sun dawo sun sauka a kan ɗan abin da ya rage, ba mai ce musu kanzil.

Dab da magariba Innarku ta sauka a bakin titi da ƙullin kayan suna, mata suka tare ta da labari tun kafin ta shigo gari. Ba ta biyo gida ba, fadama ta wuce da sabon zaninta. An ce ta daɗe a tsaye. Da ta dawo ta ajiye kaya, ta zuba ƙasari a kwano kamar kullum, amma ba ta buga ba. Awaki ma suna kwance da cikinsu kamar tulu, ko kallon kwanon ba su yi ba. Ta ba ni tuwo, ta ba ni labarin jaririya, ta ce kunnuwanta irin nawa ne, Allah Ya sa ta fi ni amfani da su.

Labari ba ya kwana a ƙauyenmu tunda waya ta zo. Mako bai zagayo ba Lawal ya iso. Bai yi faɗa ba, bai yi dariya ba, da ma ya yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi. Ya zauna inda ya zauna wancan karon, ya ce, "Baba, kai ne shaida." Na kasa kunne ko za a ce wani abu daga ɗaki in isar. Na yi niyyar ko me ta ce in ƙara masa nauyi a hanya. Sannan ta ce, "Malam, gaya wa yaron nan ya ci abinci kafin ya tafi." Shi ke nan. Aka kira ɗan Nomau aka damƙa masa fili. Yaron kirki ne, duk shekara yana kawo mata rabonta har ƙofar ɗaki, amma ba ta sake yin alkaki da hannunta ba, sai dai ta ba Rabi ta yi.

Washegarin tafiyar Lawal, da sanyin safiya, ta ɗauki ƙwarya ta tafi kwance igiyoyinta da tsintar abin da ya saura. Na bi ta da tsani a kafaɗa, wai zan sauko da akwati. Muka yi aiki ba magana. Tana kwance gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya tana jerawa, tana naɗe igiya a gwiwar hannu. Shirun ya yi mini nauyi, ni kuwa ban taɓa iya barin shiru ya zauna lafiya ba.

Na ce, "Amma dai, 'yar kawu, tsakani da Allah, inji ya yi aiki. Kin ga yadda tsuntsaye suka tashi. Nomau ya ce har tsallaken rafi an ji. Kuskure ɗaya ne tak, na wutsiyar nan. Da an yanke ta, da yanzu mutanen Kafur suna layi a zaure."

Ta ci gaba da naɗi. Sai da ta kai ƙarshen igiyar ta ƙulle, ta ajiye a ƙwarya, sannan ta ɗago.

"Malam, in tambaye ka?"

"Tambayi Injiniya."

"Muryar nan da ta kori tsuntsaye, ta wa ce?"

Na buga ƙirji. "Tawa ce mana."

"To duk makonnin nan da nake zaune a rana, da ka ɗauko ta a bakinka ka zo ka zauna a rumfar nan, batir nawa za ta ci?"